Adaidaita, babur ko sauya unguwa: lissafin mai zuwa aiki a Kano

Bayan sallar isha'i ƙanina ya shigo, ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya kwashi adashi, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, kuɗin sun kai naira miliyan 1 da dubu 200. Aure kuma yana tafe bayan babbar Sallah. Ya ce, "Yaya, babur zan saya, ko in ƙara a kuɗin haya in matso kusa da wurin aiki? Wallahi Adaidaita ta cinye ni." Gidan da yake haya yana can bayan Rijiyar Zaki, aikinsa yana Bompai. Hawa uku yake yi da safe, hawa uku da yamma.

Ban ba shi amsa a tsaye ba. Na ce ya miƙo takarda da biro. Abin da zan kawo a nan shi ne lissafin da muka yi a wannan dare da wanda ya biyo baya, domin na san dubban magidanta a garin nan suna kwana da wannan tambaya, kuma yawancinmu da zuciya muke yanke hukuncinta, ranar da rana ta dake mu a bakin titi.

Wanda ya tashi a Kano a shekarun 1980 da 1990 ya san bas ɗin hayis da kiya-kiya, kwandasta a rataye a ƙofa yana kiran Bata, yana kiran 'Yankura, ga kuma tasi. Akasarinsu na 'yan kasuwa ne, amma suna da layi, suna da tasha, kuɗinsu sananne ne. Acaɓa ce ta fara cin kasuwarsu saboda tana shiga lungu. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, sunan shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, ya bi abin hawan ya zauna masa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni. 'Yan acaɓa suka kwararo cikin Adaidaita, bas da tasi suka yi ta janyewa har suka kusa ɓacewa daga manyan tituna. Shi kuwa gari bai tsaya jira ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni suna da mutane kusan miliyan 2.8, yau gine-gine sun wuce Danbare, sun wuce Mariri, sun wuce Gaida da Bachirawa.

An yi gadoji, ba a musu: Ƙofar Nassarawa, Dangi, Sabon Gari, Hotoro, ga aikin Tal'udu da Ɗan Agundi. Sai dai gada tana taimakon wanda ya riga ya sami abin hawa ne. Wanda ke tsaye a Kabuga ƙarfe bakwai na safe yana ɗaga hannu, abin da yake nema kujera ce. A 2016 an sa hannu da wani kamfanin China kan jirgin ƙasa na cikin gari na dala biliyan 1.85, ba a shimfiɗa layin ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙaddamar da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50, har aka sanar da hana Adaidaita bin wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Tal'udu zuwa Gwarzo wadda ƙanina ke bi. Ba a je ko'ina ba aka janye hanin, domin motocin ba su isa ɗaukar jama'ar da ta taru a titi ba. Abu na farko da na gaya masa ke nan: kada ya sa bas ɗin gwamnati a cikin lissafinsa. In ta zo, alhamdu lillahi. Amma albashin wata mai zuwa da abin da ke kan titi yau za a kashe shi.

Mu fara da abin da yake ciki, wato Adaidaita. Tana da alherin da mutane ke mantawa da shi idan sun fusata. Ba ka zuba jari ba. Ba ruwanka da bakanike, ba ruwanka da faci, ba ruwanka da takardu ko jami'an hanya. Ranar da ba ka fita ba, ba ka kashe ko sisi ba. Tana da rumfa, ta tare maka rana da yayyafi. Tsoho zai hau, mai ciki za ta hau, yara uku za su shige da jakunkunansu, kuma in ka sayo buhun shinkafa a Singa ta kai maka har ƙofar gida.

Matsalarta ita ce a hawa ake biya, ba a tafiya ba. Ba ta da dogon layi kamar bas. Direba ya fi son gajeren zango inda zai sauke ya ɗauka sau da yawa, domin akwai balas da zai kai wa mai abin hawan da daddare, ga mai, ga kuɗin ƙungiya, ga haraji. Saboda haka duk wanda zai ratsa gari daga yamma zuwa gabas sai an yanka masa tafiyar gida biyu ko uku, kowane yanki da kuɗinsa da jiransa. Daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin hawa ya bi ta, kuma a garin nan abin da ya hau da wuya ya sauko daidai yadda ya hau.

Ga lissafin yadda muka rubuta shi. Alƙaluman misali ne, kowa ya goge ya sa nasa. A ce hawa ɗaya naira 300. Hawa shida a rana 1,800 ke nan. Kwana 22 na aiki a wata, 39,600. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Ƙanina ya fi haka samu, amma da ya ga adadin a rubuce sai ya yi shiru, domin bai taɓa tara shi wuri guda ba. Kullum ɗari uku-uku yake gani suna fita. Kuma wannan ban da ranar da aka yi ruwa direbobi suka ƙara kuɗi, ban da ranar da ya makara dole ya ɗauki shata, ban da zuwa gaida Hajiya ranar Juma'a.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda. Ba kai ke da iko da lokacinka ba. A Yulin 2022 an hana Adaidaita aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, duk mai aikin dare ya ɗanɗana. A Fabrairun 2021 direbobi sun yi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum, suka sake yi a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista na naira 8,000. Na tuna safiyar ranar farko ta yajin na biyu. Daga Kabuga zuwa Ƙofar Famfo titi cike da mutane a ƙafa, 'yan makaranta da fararen hijabai, ma'aikata riƙe da jakunkuna, wata dattijuwa ta zauna a kan kwalbati ta cire takalmi tana huci. Motocin a-kori-kura suka koma ɗaukar mutane a tsaye kamar buhuna. Ranar na gane cewa gari mai miliyoyin mutane ya rataya ne a kan abin hawa iri ɗaya tak, in ya tsaya komai ya tsaya. Sai kuma ƙwacen waya. Abin ya kai a Mayun 2023 majalisar tsaro ta jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Mafi yawan masu Adaidaita neman halak suke yi, amma wadda ta taɓa shiga ta tarar direba da fasinjojin bakinsu ɗaya, kamar yadda ya faru da wata maƙwabciyarmu da magariba, ba ta sake shiga da kwanciyar hankali ba.

Hukuncina a kan Adaidaita: mai hawa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ya zauna a cikinta. Naira 13,200 ce a wata a misalinmu, babu wani abin hawa da zai saya ya kashe ƙasa da haka. Mai hawa biyu yana kan iyaka. Mai hawa uku, dole ya nemi mafita.

Yanzu babur, wanda zuciyar ƙanina ta riga ta karkata gare shi, kuma na fahimce shi. Wanda ya shekara yana jira a bakin titi, in ya ga abokin aikinsa ya tayar da Lifan ya wuce, ji yake kamar ɗaure yake wancan a sake. Daga bayan Rijiyar Zaki zuwa Bompai wajen kilomita 15 ne, zuwa da dawowa 30. Ƙaramin babur mai lafiyayyen inji yana cin kilomita 40 ko kusa da haka a lita ɗaya. Ke nan kashi uku cikin huɗu na lita a rana. In lita tana 1,000, naira 750 ke nan, 16,500 a wata. A ƙara 6,000 na baƙin mai da faci da fulogi da abin da za a ware saboda taya da sarƙa, ya zama 22,500. Bambancinsa da Adaidaita 17,100 a wata.

A nan ne fuskarsa ta canza. In ya zuba duk miliyan 1.2 a sabon babur, sai ya yi wata 70, kusan shekara shida, kafin rarar ta mayar masa da kuɗinsa. In na hannu ya saya a kan 600,000, wata 35. Mutane da yawa suna cewa babur yana biyan kansa cikin shekara guda. A farashin da, lokacin da sabo bai kai dubu 300 ba, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, babur da kayan gyaransa suka bi ta, lissafin ya sauya.

Duk da haka ban kushe babur ba, domin abin da yake sayarwa na gaskiya lokaci ne. Tafiyar da hawa uku da jira uku ke cinye awa ɗaya da rabi, babur zai yi ta a minti arba'in, ya ratsa cunkoson 'Yankura ta gefe, ya bi lungu in an rufe hanya. Awa ɗaya da rabi da ka tsira da ita kullum, in kana da abin yi da ita, kuɗi ce: darasin yamma, shago, kai kaya, ɗinki. Sannan duk wata fita ta ƙari kusan kyauta ce, ɗaurin aure, jana'iza, kasuwa, kemis da tsakar dare. Kuma kadara ce. A 'yan shekarun da naira ta yi ta zubewa, mutane sun hau babur shekara biyu sun sayar da shi a kan abin da suka saya ko fiye. Kuɗin Adaidaita kuwa in sun tafi sun tafi.

Abubuwa uku ne suke hana ni cewa kowa ya saya. Na farko jiki. Babur ba shi da bango, ƙafarka ce bangonsa. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ko sashen gaggawa na asibitin Murtala ya ga samari a jere da ƙafa a rataye, ya san abin da nake nufi. Karaya ɗaya tana cinye rarar shekara uku, ban da watannin zaman gida. Titunanmu babu layin babur, Adaidaita tana tsayawa inda ta ga fasinja ba tare da sigina ba, da damina rami yana ɓuya a ƙarƙashin ruwa, da daddare fitilun titi wani wuri akwai wani wuri babu. Hular kwano kuwa mun mayar da ita abin kunya, alhali ita ce tsakanin ciwon kai da makara. Duk wanda ba zai sa ta ba, shawarata ya bar babur.

Na biyu sata. Wani abokin aikina ya ajiye nasa a ƙofar masallaci ya shiga sallar la'asar, raka'a huɗu, ya fito sai wuri. Bai gama biyan bashin da ya saye shi da shi ba. Saboda haka kafin ka saya ka tambayi kanka: ina zai kwana, a cikin gida ko a soro? A wurin aiki akwai mai gadi? Ka sa kuɗin kwaɗo da sarƙa, da na'urar bin sawu in da hali, a cikin farashin tun farko. In na hannu za ka saya, kada ka biya sai ka ga rasit na asali, lambar inji da ta jiki sun dace da takarda, an rubuta yarjejeniya da shaidu. Babur mai araha fiye da kima sau da yawa na wani ne, kuma ranar da aka gano shi a hannunka kai za ka yi bayani. Ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya tayar da shi da sanyin safiya ya duba hayaƙi.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar ƙanina: babur na mutum ɗaya ne. Dokar hana goyo ta 2013 ba a soke ta ba. Akan sassauta har mutane su manta, a ga magidanci da matarsa da yara biyu a kai, sannan in tsaro ya taɓu a sake tsaurarawa. Ko babu doka, ranar da kake Bompai da babur ɗinka, amarya tana bayan Rijiyar Zaki, in za ta awo ko makaranta ko gidansu, Adaidaita za ta hau, kuma daga aljihunka. Kuɗin da ka gudu daga gare su sun dawo ta ƙofar baya.

Babura masu lantarki sun fara yawa a gari, kuma na ga waɗanda suke jin daɗinsu, ba fetur ba baƙin mai. Sharaɗinsu wuta. In unguwarku tana layin da ake kira Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana kuma aka ninka masa kuɗi fiye da sau uku a Afrilun 2024, ko kana da sola mai ƙarfi, ka duba su. In kuwa sai dare ya raba ake kawo muku wuta ta awa biyu, ka tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Ka kuma tambayi kuɗin sabon batir kafin ka tambayi kuɗin babur ɗin.

Mota ba mu daɗe a kanta ba. Kuɗinsa ba za su sayi 'yar Kwatano mai lafiya ba, kuma ko kyauta aka ba shi, kilomita 30 a cunkoso lita uku ce zuwa huɗu, wajen naira 77,000 a wata a mai kaɗai. Shi ya sa ka ga motoci a lulluɓe a ƙofar gidaje, masu su suna fita da su ranar Juma'a da ranar biki.

Keke ya fi cancantar a tsaya a kansa fiye da yadda muke yi. Iyayenmu da shi suka yi aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa, kuma tun da mai ya tashi ya dawo titi. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara. Wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita shida ko bakwai ba, kuma yana da inda zai watsa ruwa ko ya sauya riga, babu abin da ya kai shi sauƙi. Amma kilomita 15 a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga azumi in ya faɗo a lokacin, ba zan ba ɗan'uwana wannan shawara ba.

Saura sauya unguwa, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya nutsu, domin mun saba raba kuɗin haya da kuɗin mota kamar ba daga aljihu ɗaya suke fita ba. Mutum zai ce ya sami gida mai araha a bayan gari, ya yi murna, bai lissafa cewa ya sayi hawa shida a kullum tare da gidan ba. Naira 39,600 sau 12 ta kama 475,200 a shekara. In ƙanina ya koma Dakata ko Kawaji ko 'Yankaba, inda hawa ɗaya zai kai shi aiki, abin da zai kashe 158,400 ne. Rarar 316,800. Ma'ana, duk gidan da ƙarin hayarsa bai kai dubu 300 a shekara ba, riba ce gare shi tun shekarar farko, ba sai ya jira shekara shida ba, ba kasadar karaya, ba fargabar ɓarawo. Kuma ribar tana ninkuwa da yawan masu fita daga gidan. Babur yana rage kuɗin mutum ɗaya, gida a wurin da ya dace yana rage na kowa.

Sai dai a Kano ta yau in ka kama gida, ba ɗakuna kaɗai ka kama ba. Ka kama ruwan unguwar da wutarta da makarantarta da kwatarta, domin abin da hukuma ta saba kawowa yanzu kowane gida shi ke nema wa kansa. Ruwa ne kan gaba. Garin da ke da matatar Challawa tun zamanin Turawa, aka ƙara Tamburawa da Watari, yau akwai unguwannin da yaran da aka haifa a cikinsu ba su taɓa ganin famfo ya kawo ba. Mai garuwa da kurarsa shi ne hukumar ruwa. A ce jarka naira 100, gida mai mutum biyar yana shan jarka shida a rana tsakanin girki da wanka da wanki, 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara. In ka bar gida mai rijiya a bayan gari ka koma inda sai an saya, kashi biyu cikin uku na rarar da ka yi murna da ita ya tafi a jarka. Kuma da bazara, ko ranar da babu wutar da za a tayar da burtsatse, kuɗin jarka yana tashi, wani lokaci ma ka riƙe kuɗin ka rasa mai kawowa.

Don haka na ce masa kada ya yarda da bakin dillali, dillali la'adarsa yake nema. Ya je unguwar da kansa sau uku. Ya je da asuba ya ga ko akwai layin jarkoki a bakin burtsatse, ya leƙa rijiyar gidan, ya tambayi maƙwabta ko tana ƙafewa a watan Afrilu. Ya je da daddare ya ga ko akwai wuta, ya saurari ƙarar janareto, ya tambaya yaushe taransifoma ta lalace ta ƙarshe, wata nawa ta yi, nawa aka karɓa a kowane gida kafin a gyara. Ya duba ko gidan yana da mita ko bil ake kawowa na ƙiyasi, kuma ko akwai tsohon bashi a kai. Sannan ya je bayan an yi ruwan sama, ko in rani ne ya dubi gindin katanga, ruwa yana barin shaidarsa. Ya ga inda ake zubar da shara, domin bolar da ta toshe magudana ita ce ambaliyar watan Agusta. Mai shayi da mai kanti na bakin layi za su gaya masa gaskiyar da mai gida ba zai faɗa ba.

Makaranta da asibiti su ma hawa ne. Yaro biyu da za a kai makarantar kuɗi a wata unguwa saboda ta gwamnati da ke kusa aji ɗaya ya haura yara ɗari, kuɗin mai Adaidaitan da zai riƙa ɗaukarsu na wata-wata yana iya kamo kuɗin makarantar. Naƙuda kuma ba ta duba agogo. Gidan da ke da asibitin sha-ka-tafi ko na haihuwa a tafiyar ƙafa, da maƙwabci mai mota da za a iya buga wa ƙofa, ya fi gidan da ke da tayil da silin mai ado a inda ba abin hawa bayan ƙarfe goma.

Akwai abin da ke ɓangaren zama a inda kake, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙaura tana cin kuɗi a dunƙule: hayar shekara, la'adar dillali, motar kaya, fenti da gyaran da ba a rasa ba. Mai gida yana iya ƙara haya shekara mai zuwa, ko ya ce ɗansa zai yi aure. Aikin kamfani yana iya ƙarewa, ka tashi kana kusa da inda ba ka da sauran hulɗa da shi, shi kuwa babur duk inda aiki ya koma zai bi ka. Wanda yake zaune a gidan gado ko gidan kansa, ba ya biyan haya, wannan babin ma bai shafe shi ba, nasa zaɓin tsakanin Adaidaita da babur ne, kuma in hawansa uku ne babur na hannu ya fi masa. Sannan zumunci. Iyayen yarinyar da ƙanina zai aura suna Ɗorayi, mahaifiyarmu tana Gwale. Daga Dakata kowace ziyara ratsa gari ce. Amarya a unguwar da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun safe, wannan ma farashi ne ko da ba a rubuta shi da lamba ba. Na ce masa ya tambaye ta kafin ya tambayi dillali.

Da muka gama ya ce, "To Yaya, kai me ka gani?" Na ce da shi kaɗai ne, ba aure a gabansa, kuma yana da abin yi da yamma, da na ce ya sayi babur na hannu da rabin kuɗin, ya sayi hular kwano, ya ajiye sauran. Amma mutum biyu ne za su zauna, ba da jimawa ba su zama uku in Allah ya so, aikinsa kuma ya shekara shida a wuri ɗaya. Na ce ya nemi gida a gabashin gari mai rijiya ko burtsatse a cikinsa, ko da ɗakunan ba su kai na yanzu girma ba, matuƙar ƙarin hayar bai wuce dubu 300 ba. Abin da ya rage ya sayi tankin ruwa da ƙaramin sola na fitila da fanka da cajin waya, ya bar wani abu a ajiye saboda haihuwa. Babur ya jira adashi na gaba, lokacin zai san ko yana bukatarsa.

Ya yi mako uku yana yawon duba gidaje bayan an tashi daga aiki. Biyu ya bari saboda ruwa, ɗaya saboda ya ga layin ambaliya a katanga har gwiwa. Na huɗun yana Kawaji, ciki da falo, rijiya a tsakar gida da maƙwabta suka shaida ba ta ƙafewa, mita a jikin bango. Yarinyar ta ce ta yarda, da sharaɗin duk ranar Asabar zai kai ta Ɗorayi. Mun sa kuɗin shatar Asabar ɗin a cikin lissafi, naira dubu 16 a wata a kan dubu huɗu kowane zuwa da dawowa. Ƙarin hayar gidan dubu 100 ne, sai ga rarar da ta rage ba ta fi dubu 25 a shekara ba, ga kuma kusan awa biyu da zai riƙa samu kullum. Ya biya kuɗin shekara ranar Litinin.